Yadda Ake Kafa Mazaunin Madubin Taurari Mai Kwamfuta Don Ɗaukar Hoton Sama

Duk wanda ya taɓa ɗora kyamara a kan ƙafa uku da dare, ya bar idonta a buɗe na minti ɗaya tana kallon sama, ya san abin da ke fitowa: maimakon ɗige-ɗigen taurari, sai gajerun zane-zane. Ba laifin kyamara ba ne. Duniya ce ke juyawa, zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, wato sama tana gusawa digiri 15 a kowace awa. Idan madubinka mai tsawon gani milimita 400 ne, kyamarar kuma irin ta masu ɗaukar hoton biki, tauraron da ke kan layin tsakiyar sama, wato daidai saman layin tsakiyar duniya, yana tsallake ɗigon hoto kusan bakwai cikin daƙiƙa guda. Ga shi kuwa abubuwan da ake son ɗauka haskensu kaɗan ne, sai an bar kyamara ta daɗe tana tara shi.

Maganin wannan shi ne mazauni mai mota, wanda ke juya madubi ya bi sama a hankali. Iri biyu ne. Akwai mai motsi sama-ƙasa da hagu-dama. Yana da sauƙin kafawa, ya kuma isa ga kallo da ido ko hoton wata, amma a doguwar ɗauka taurarin gefen hoto suna kewaya na tsakiya. Akwai kuma mai karkataccen majuyi, wanda ake saita shi daidai da majuyin duniya, sai mota ɗaya ta wadatar wajen bin sama. A kansa wannan jagora take, irin su HEQ5 da EQ6-R na kamfanin Sky-Watcher, da Advanced VX na Celestron.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu: saiti biyu ne, kuma kowanne aikinsa daban. Saitin cibiya na ƙarfe ne, da hannu da noti ake yin sa, shi ke sa tauraro ya tsaya cak a hoto. Saitin taurari na kwamfuta ne, da rimot ake yin sa, shi ke sa madubi ya je inda aka aike shi. Sababbin shiga da yawa suna ganin rimot ya rubuta cewa saiti ya yi, sai su ɗauka an gama. Kwamfuta ba ta gyara abin da ƙarfe ya karkace.

Aikin rana

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Rabin aikin dare da rana ake yin sa.

Fara da wuri. Ƙasa mai tauri ta fi rufin bene, domin kankare yana rawa da takun mutum, yana kuma fitar da zafin da ya sha har tsakar dare, zafin nan kuwa yana sa taurari kaɗawa. Nemi inda arewa take a buɗe har kusa da ƙasa, babu katanga ko bishiya. Idan fili za ka fita, sanar da maƙwabta da 'yan sintirin unguwa tukuna. Doguwar na'ura mai jan haske a cikin duhu tana jawo tambayoyi.

Sai neman arewa ta gaskiya. Kamfas na waya yana taimakawa in ka yi nesa da ƙarafan mazaunin, amma inuwar zawali ta fi shi gaskiya. Rataya zare mai ɗan nauyi a ƙarshe, ka duba lokacin da rana ke tsakiya a garinku cikin manhajar Stellarium, wadda kyauta ce. A Kano lokacin yana faɗawa tsakanin 12:10 da 12:40 gwargwadon watan da ake ciki. A daidai wannan minti, shata layi a kan inuwar zaren: layin arewa da kudu ke nan. Da hunturu inuwar doguwa ce, tana nuna arewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta gajeriya ce, kudu take nunawa, amma layin bai canja ba.

Da ranar kuma za ka daidaita ƙaramin madubin nema da babban madubi. Nufi kan hasumiyar masallaci ko turken sadarwa mai nisan kilomita ɗaya ko fiye, ka sa shi tsakiyar babban madubi, sannan ka murɗa ƙananan notin madubin nema har ya zo kan gicciyensa. Kada ka kuskura ka nufi rana da ɗayansu: makanta ce nan take.

Wuta ita ce ta ƙarshe. Waɗannan mazaunai 12V suke ci, kuma suna jan 2A ko fiye idan motocinsu biyu suna gudu. Batirin sola ko na mota mai cikakken caji ya fi janareta, wanda wutarsa ke hawa da sauka. Tabbatar da cewa tsakiyar fulogi ita ce mai alamar tarawa, domin juya waya yana ƙona allon na'ura. Batirin da ya yi sanyi kuwa yana sa mota kuka ko tsayawa a hanya, har mutum ya zaci na'urar ce ta lalace.

Kafa ƙafafu da matsalar ƙasarmu

A saman ƙafa ukun akwai wani ɗan ƙarfe a tsaye. Shi zai fuskanci arewa, a kan layin da ka shata. Kada ka zare ƙafafun da tsawo, gajarta ta fi ƙarfi. Danna su cikin ƙasa, ko ka sa bulo a ƙarƙashin kowace, ka daidaita saman da ma'aunin magina. Ɗora kan mazaunin, ka ɗaure dogon notin tsakiya daga ƙasa.

A gefen kan akwai ma'aunin digiri. Juya notin tsayi har alamar ta zo kan latitud ɗin garinku: Kano digiri 12, Sakkwato 13, Maraɗi 13 da rabi, Damagaram kusan 14, Agadas kusan 17, Kaduna 10 da rabi, Abuja 9.

A nan ne littattafan da ke zuwa da na'ura ba su cika yin magana da mu ba, domin an rubuta su da Turai da Amurka a zuci, inda majuyin ke ɗage digiri 40 ko 50. A wurinmu kusan kwance yake, sandar nauyi kuma tana sauka dab da ƙafar arewa, har ƙarfen nauyi ya buge ta. Kafin ka sayi mazauni, duba mafi ƙarancin latitud ɗin da yake kaiwa. Wasu ba sa sauka ƙasa da digiri 10. In ka riga ka saya, hanya biyu ce. Ko ka sa ƙarin wuya, wani bututun ƙarfe da ke ɗaga kan mazauni sama da ƙafafu, ko kuma, in akwai rami na biyu a saman ƙafa ukun, ka mayar da ɗan ƙarfen can yadda nauyin zai sauka tsakanin ƙafa biyu. Hanya ta biyu tana sa na'ura saurin kifewa gaba, don haka rataya jakar yashi a ƙafar baya.

Ɗora kaya da daidaita nauyi

Ƙarafan nauyi ake fara sawa, sannan madubi. Wajen saukewa madubi ne farko. Wanda ya saɓa wannan, madubinsa zai wuntsula ya bugi ƙafa. Mayar da notin kariya na ƙarshen sanda kowane lokaci, domin ƙarfe mai kilo 5 in ya sulluɓo, yatsun ƙafa yake nema.

Kada ka cika wa mazauni kaya. Nauyin da kamfani ke rubutawa na kallo da ido ne. A hoto, rabinsa zuwa kashi biyu cikin uku ya isa. Ɗora duk abin da za ka yi aiki da shi, kyamara da madubin nema da wayoyi, ka cire murafe, sannan ka daidaita.

Majuyi biyu ne, an rubuta wa ɗaya RA, ɗayan Dec, kowanne da makullinsa. Riƙe madubi da hannu ɗaya, ka saki makullin RA, ka juya har sandar nauyi ta kwanta. Aikin irin na mai ga-ruwa ne da garewani biyu a sanda: in gefe ɗaya ya rinjaya, kafaɗa ce ke shan wuya, a nan kuwa haƙoran giya ne. Matsar da ƙarfen nauyi har ɓangarorin biyu su tsaya da kansu. Kulle RA a haka, ka saki Dec, ka kwantar da madubi, ka zame shi gaba ko baya a mariƙinsa har ya daina rinjaya. Masu gogewa suna barin gefen gabas ya ɗan fi nauyi kaɗan, domin mota ta riƙa turawa a kullum, haƙora kada su yi wasa.

Daga nan sai matsayin farawa: sandar nauyi tana kallon ƙasa, madubi yana kallon arewa a layi ɗaya da majuyin RA. Sa alama da maka a mahaɗar kowane majuyi don gobe.

Saitin cibiya

Cibiyar sama ta arewa ita ce wurin da duk taurari ke kewayawa, tsayinta daga ƙasa kuma daidai yake da latitud ɗinka. Tauraron Polaris yana kusa da ita, amma ba a kanta yake ba: tazarar ta kai kusan kashi biyu cikin uku na digiri, ta ɗara faɗin cikakken wata. Ba shi da haske sosai, kuma a digiri 12 hazon hunturu yakan shafe shi sarai. Da yammacin Disamba da Janairu, taurari biyar na Cassiopeia masu siffar harafin M suna samansa. A Afrilu da Mayu kuwa taurari bakwai masu siffar ludayi ne ke sama, biyun bakin ludayin suna nuna shi.

In yana ganuwa, yi amfani da ƙaramin madubin da ke cikin majuyin RA. Cire murafensa biyu, ka zaro sandar nauyi, ka juya Dec har hanya ta buɗe. A ciki za ka ga da'ira mai kama da fuskar agogo. Juya RA har sifili ya koma sama. Rimot ko manhajar waya zai gaya maka inda Polaris ya kamata ya zauna, misali ƙarfe 4 da minti 20. A kan da'irar za ka ajiye shi, ba a tsakiya ba. Da noti kaɗai ake motsa shi: biyun tsayi da biyun gefe. Ɗan sassauta notin tsakiya, kuma kullum ka kwance ɗaya kafin ka ɗaure abokinsa, in ba haka ba notin tsayi zai lanƙwashe. Bayan ka ɗaure komai, sake leƙawa, domin ɗauri yana gusar da saiti. Ka kuma sani cewa a wannan tsayi iska tana ɗaga hoton tauraro sama da minti 4 zuwa 5 na kusurwa, minti ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri. Shi ya sa a ƙasarmu saitin Polaris mafari ne kawai.

In ba ya ganuwa, ba a fasa aiki. Layin zawali da ma'aunin latitud sun riga sun kai ka kusa. Yi saitin taurari biyu ko uku kamar yadda zai zo a ƙasa, sai rimot ɗin Sky-Watcher, mai suna SynScan, ya nuna maka kuskuren tsayi da na gefe. Shiga sashen saitin cibiya, ka zaɓi tauraro mai haske, ka sa shi tsakiya da maɓallai. Na'ura za ta gusar da shi da gangan, kai kuma ka dawo da shi da notin tsayi. Ta sake gusarwa, ka dawo da shi da notin gefe. Celestron yana da irin wannan da sunan All-Star. Maimaita sau biyu, kana sabunta saitin taurari bayan kowane taɓa noti. Mai kwamfutar cinya kuma zai iya amfani da manhajar NINA, wadda ke da ƙarin sashe mai ɗaukar hoto a wurare uku na sama ta lissafa kuskuren ba tare da Polaris ba.

Tsohuwar hanya, wadda ba ta bukatar komai sai haƙuri, ita ce kallon gushewa. Zaɓi tauraro kusa da layin tsakiyar sama, daidai lokacin da yake ƙolin hawansa, ka sa shi kan gicciye, mota tana bi, ka jira minti biyar. Gushewar arewa da kudu kaɗai za ka duba. In ya yi kudu, majuyin ya yi gabas da yawa. In ya yi arewa, ya yi yamma. Gyara da notin gefe. Sannan koma kan tauraro a gabas, kamar digiri 20 zuwa 25 daga ƙasa: in ya yi kudu, majuyin ya yi ƙasa; in ya yi arewa, ya yi sama. In ka ruɗe da ina ne arewa a cikin madubi, murɗa noti ka gani: gushewa ta ƙaru, koma ɗaya gefen. Manhajar PHD2 tana yin wannan da kyamara, tana zana maka layi.

Ga mai farawa, kuskuren da bai wuce minti 5 na kusurwa ba ya wadatar. Kada ka ƙarar da dare kana neman sifili.

Abin da za ka gaya wa rimot

Na'urar ba ta ganin sama, lissafi take yi da abin da ka ba ta. Ga yadda mutumin Kano zai cika: longitud E 008° 31', latitud N 12° 00', yankin lokaci +01:00. Nijar da Kamaru da Chadi ma +1 ne, Gana sifili, Sudan +2. Tambayar ƙarin awa na lokacin zafi, amsarta a'a ce, ba ma yin sa. In ka amsa e, sama ta goce da digiri 15. In ka sa W maimakon E a Kano, ta goce da 17.

Babban tarko shi ne kwanan wata, domin SynScan wata yake fara tambaya, sannan rana, irin na Amurka. Wanda ya rubuta 05/01 yana nufin 5 ga Janairu, na'ura 1 ga Mayu ta ji, sai madubi ya nufi ƙasa yana neman tauraron da ke bisa kai. Duk sanda tafiyar farko ta yi nisa da tauraro ƙwarai, nan za ka fara dubawa.

Saitin taurari

Koma matsayin farawa, ka kulle majuyai, ka kunna. Zaɓi saitin taurari uku: biyu a gefe ɗaya na sama, na uku a ɗaya gefen, shi ke gyara ɗan karkacewar madubi a kan mariƙinsa. Da hunturu akwai Sirius, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, da Capella, Aldebaran, Rigel da Procyon; da bazara akwai Arcturus, Spica da Regulus. Buɗe Stellarium ka tabbatar da tauraron da kake kallo, domin saiti a kan tauraron da ba shi ba ya ɓata komai.

Madubi zai tsaya kusa da tauraron farko, ba a kansa ba. Kawo shi tsakiyar madubin nema da maɓallai, ka rage gudu, ka ƙarasa a babban madubi ko a allon kyamara mai gicciye. Kada ka saki makulli ka tura da hannu. Kowane lokaci ka ƙare da maɓallin sama da na dama, domin ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran giya ya kasance a gefe ɗaya. Na biyu zai fi kusa, na uku ya fi shi. In ka haɗa da kwamfuta, manhajar ASTAP tana karanta taurarin hoto ta gane inda madubi yake kallo, NINA kuma ta yi amfani da hakan ta gyara tafiya da kanta. Amma ita ma ba ta taɓa noti.

Hoton farko

Daidaita gani a kan tauraro mai haske. Murfin Bahtinov, mai tsage-tsage, yana fitar da layuka uku. Idan na tsakiya ya raba biyun daidai, gani ya yi. Cire shi, ka aiki madubi wurin Kaza da 'Ya'yanta, lambarta M45 a rimot, ko gajimaren Orion, M42, wanda a Kano yake hawa fiye da digiri 70. Saita kyamara a RAW, ISO 800 ko 1600, daƙiƙa 30, ka yi amfani da jinkirin ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Faɗaɗa hoton ka dubi taurari. In ƙwallaye ne, gwada 60, sannan 90.

Siffar tauraro tana faɗin ciwon. In duk hotuna sun ja ta arewa da kudu da tsawo iri ɗaya, saitin cibiya ne. In ta gabas da yamma ne, wasu hotuna lafiya wasu a ja, tangarɗar giya ce, wadda ke maimaituwa kusan kowane minti 10 da rabi a HEQ5, minti 8 a EQ6-R. Rage tsawon ɗauka, ko daga baya ka ƙara ƙaramar kyamarar rakiya da PHD2. In tauraro ya yi ƙugiya ko ya zama biyu, iska ce, ko waya ta maƙale, ko wani ya taka kusa. Hotuna 60 na daƙiƙa 45 da aka haɗa da Siril ko DeepSkyStacker sun fi ɗaya na minti biyar da ya ja.

Ka lura da abin da kake ɗauka idan ya tsallake ƙolin sama ya fara gangara yamma: madubi zai nufi ƙafa. Sake aika shi wurin, na'ura za ta juya ta ɗaya gefen. Tsaya kusa kana kallon wayoyi.

Ƙarshen damina zuwa farkon kaka, kafin ƙura ta sauko, sama ta fi tsabta, sai dai raɓa. Naɗa wa bakin madubi kwali ko soso. Da hunturu kuwa kada ka goge gilashi a bushe, hura ƙurar tukuna da robar hura iska. Idan ka gama, umarci na'ura ta koma matsayin farawa kafin ka kashe, ka sauke madubi, sannan nauyi. Kafin ka ɗaga ƙafafu, zagaye gurbin kowace da fenti, ko ka binne bulo uku a wurin, kuma kada ka taɓa notin tsayi. Gobe in ka mayar da su gurbinsu, saitin cibiya ɗan gyara kawai zai bukata, sauran daren na ɗaukar hoto ne.